Littafin farashi guda: yadda Japan ke kula da lafiyar mutanenta, da inda tsarin ya fara nishi

In mutum ya ga likita a Japan ya fito wurin biyan kuɗi, takardar da za a miƙo masa cike take da maki. Ganin likita karon farko maki kaza, gwajin jini maki kaza, rubuta magani maki kaza. Kowane maki ɗaya yen 10 ne, yen kuwa shi ne kuɗin Japan. A gyaran da aka yi a 2024, ganin likita karon farko maki 291 ne, wato yen 2,910. Majiyyaci mai shekarun aiki zai biya kashi 30 cikin ɗari, abin da ya kama kusan yen 870, kuɗin kwanon taliya ɗaya a gidan abinci. Ragowar inshora za ta biya. Wannan maki 291 shi ne a ɗan ƙaramin asibitin unguwa a ƙauyen tsibirin Hokkaido, shi ne kuma a tsakiyar Tokiyo. Likitan da ya shekara talatin yana aiki da wanda ya fara jiya duk farashinsu ɗaya.

Wanda yake son ya fahimci lafiyar Japan, daga wannan takarda ya kamata ya fara. An saba a ce mutanen Japan suna daɗewa a duniya saboda cin kifi da ganye, ko saboda na'urorin zamani. Duk da gaskiya a ciki. Amma ƙashin bayan al'amarin shi ne ƙasar ta ɗauki duk abin da likita zai iya yi wa ɗan Adam, daga cire haƙori har zuwa tiyatar zuciya, ta rubuta shi a littafi guda, ta sa masa farashi, ta ce ba mai ƙarawa.

Ana sake duba littafin nan duk bayan shekara biyu. Gwamnati ce ke fara yanke yawan abin da za a ƙara ko a rage a dunƙule lokacin tsara kasafin kuɗi. Daga nan sai a miƙa wa wata majalisa da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, wadda ake kira Chuikyo, mai mutum 20: bakwai daga ɓangaren masu biyan kuɗi, bakwai daga ɓangaren likitoci da masu harhaɗa magani, shida kuma masu wakiltar jama'a. Su ne ke zama su yi ta ciniki layi bayan layi. In an lura wani gwaji ya yi yawa fiye da kima, sai a sauke makinsa, ribar ta ragu, asibitoci su ja baya da kansu. In ana son likitoci su riƙa zuwa gida duba tsofaffi, sai a ɗaga makin ziyarar gida. Da wannan linzami gwamnati ke juya asibitocin da yawancinsu ba nata ba ne, domin cikin asibitoci kusan 8,000 da ke ƙasar, kimanin kashi 80 cikin ɗari masu zaman kansu ne. Sai dai doka ba ta bar kamfanin neman riba ya buɗe asibiti don raba riba ga masu hannun jari ba. Akwai kuma wata ƙa'ida mai tsauri: a jinya ɗaya, ba a yarda a gauraya abin da inshora ta amince da shi da abin da ba ta amince da shi ba, sai a wasu 'yan wurare da aka ware. Wannan ne ya hana likita ya ce wa majiyyaci, "Ga na inshora, amma in kana son mai kyau sai ka ƙaro."

Labarin wani magani ya isa ya nuna ƙarfin wannan linzami. Farfesa Tasuku Honjo na Jami'ar Kiyoto ya gano wani sinadari a jikin ƙwayoyin garkuwar jiki mai suna PD-1, wanda yake aiki kamar birki. Daga bincikensa aka samar da maganin cutar kansa, wato ciwon daji, mai suna Opdivo, wanda ke sakin birkin don garkuwar jiki ta yaƙi cutar da kanta. An amince da shi a Japan a 2014 don wata kansar fata da ba ta da yawa a ƙasar, shi ya sa aka sa masa farashi mai tsada. A ƙarshen 2015 aka amince a yi amfani da shi ga kansar huhu, wadda ke kama dubban mutane. Lissafi ya nuna jinyar mutum ɗaya a shekara za ta ci kusan yen miliyan 35. Hankalin masu riƙe da asusun inshora ya tashi. Gwamnati ba ta jira lokacin gyaran farashi ya zo ba, a watan Fabrairun 2017 ta raba farashin biyu. Kamfanin da ke yin maganin bai ji daɗi ba, amma ba shi da wata kasuwa a ƙasar in ba ta littafin ba. Honjo ya karɓi kyautar Nobel a 2018, maganin kuma yana nan cikin inshora, talaka da mai kuɗi duk suna samu.

To wa ke biyan kashi 70 ɗin? Ba asusu ɗaya ba ne, sun haura 3,000. Ma'aikatan manyan kamfanoni suna da ƙungiyoyin inshorarsu. Na ƙanana da matsakaitan kamfanoni suna ƙarƙashin wata ƙungiya ta ƙasa mai suna Kyokai Kenpo. A duka biyun ana cirewa ne daga albashi, mai kamfani ya biya aƙalla rabi. Manoma, masu sana'ar kansu, marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya suna shiga inshorar ƙasa ta hannun ƙaramar hukumarsu. Duk wanda ya cika shekara 75 sai a mayar da shi wani tsari na musamman da aka kafa a 2008. Ba ka zaɓar asusunka, aikinka da shekarunka da inda kake zaune su ke zaɓa maka, kuma shiga dole ne har ga baƙon da ya zo zama na fiye da wata uku. Amma tunda littafin farashi ɗaya ne, kowane kati ka riƙe kulawa iri ɗaya za ka samu.

Abin da ya fi burge ni a tarihin shi ne lokacin da aka yi wannan aiki. Dokar inshorar ma'aikata ta fito tun 1922, ta mutanen karkara a 1938, sannan a 1961 aka kammala shigar da kowa. A 1961 Japan ba ta zama ƙasar da muka sani yau ba. Shekara 16 ke nan kacal da ƙarewar yaƙin da ya ƙone biranenta. Ba su tsaya sai sun yi arziki ba. Sun shigar da kowa tukuna da ɗan abin da ke akwai, lokacin da mutane da yawa ke biyan rabin kuɗin jinya daga aljihunsu, sannan suka riƙa kyautatawa sannu a hankali.

Babbar kyautatawar ta zo a 1973, lokacin da aka sa iyaka ga abin da mutum zai biya a wata ɗaya. Kashi 30 abu ne mai sauƙi in mura ce. In tiyata ce ta yen miliyan ɗaya fa? Kashi 30 ya zama yen 300,000, wanda zai iya karya gida. A ƙa'idar da ake aiki da ita a 2025, mai matsakaicin albashi zai biya yen 80,100, da kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ya haura yen 267,000. A wannan tiyata, abin da zai fita daga aljihunsa yen 87,430 ne. Mai ƙaramin ƙarfi iyakarsa ta fi haka ƙasa. In jinyar ta yi tsawo har mutum ya kai iyakar sau uku cikin shekara, daga na huɗu sai a ƙara sauke masa. Duk wanda ya taɓa ganin iyali sun sayar da gona ko shanu saboda rashin lafiyar mutum ɗaya ya san darajar wannan ƙa'ida ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai asibiti ba shi kaɗai ya tsawaita rayuwar mutanen Japan ba. A 1947 namiji yana sa ran shekara 50 ne, mace 54, kuma cikin jarirai 1,000 fiye da 70 ba sa kai shekara guda. Yau namiji yana kai kusan 81, mace 87, jariran da ke mutuwa kuma ba su kai biyu cikin 1,000 ba. Kaso mai tsoka na wannan tazara an ci shi ne tun kafin zuwan manyan na'urori, da ayyukan da ba a cika ba su labari ba.

Ɗauki ɗan littafin uwa da yaro, wanda suke kira boshi techo. Mace in ta tabbatar tana da ciki, sai ta je ofishin ƙaramar hukuma ta sanar. A nan za a ba ta littafin, ɗan ƙarami da zai shiga jaka, tare da takardun da ke ɗauke mata nauyin awon ciki kusan sau 14. A ciki ake rubuta nauyinta da hawan jininta a kowane awo, yadda haihuwa ta kasance, nauyin jariri, kowace allurar riga-kafi da ranarta, fitowar haƙora, lokacin da ya fara zama da lokacin da ya fara tafiya, har ya isa shiga makaranta. Akwai shafukan da uwa ke cikewa da hannunta. Littafin a hannun uwa yake zama, ba a ɗakin ajiyar asibiti ba, don haka in iyali sun ƙaura tarihin yaron ya bi su. Asalinsa littafin masu ciki ne na 1942, a 1948 aka haɗa shi da na yaro. Ƙasashe da dama sun ɗauki wannan dabara, irin su Indonesiya, ita ma Ghana ta haɗa littafin uwa da na yaro wuri guda da taimakon JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje.

Ga kuma cibiyoyin lafiyar jama'a da ake kira hokenjo, waɗanda aka fara kafawa a 1937. Su suka yi yaƙi da tarin fuka, cutar da ta fi kowace kisa a ƙasar har zuwa 1950. Ma'aikatan jinyarsu ne ke bin gida-gida. A shekarun 1950 akwai wani ƙauye a lardin Iwate mai suna Sawauchi, wanda dusar ƙanƙara ke rufewa tsawon hunturu, talauci ya yi masa katutu, mutane da yawa ba sa ganin likita sai ranar da za a rubuta musu takardar mutuwa. Shugaban ƙauyen, Masao Fukasawa, ya fara da samo motar ture ƙanƙara don hanya ta buɗe. Ya ɗauki ma'aikatan jinya masu zagaya gidaje. A 1960 ya sa jinyar tsofaffi ta zama kyauta, a shekara mai bi ya ƙara da jarirai, duk da an ja masa kunne cewa matakin ya saɓa wa ƙa'idar inshora. A 1962 ko jariri ɗaya bai mutu a Sawauchi ba.

Da tarin fuka ya lafa, shanyewar ɓarin jiki ce ta karɓi wurinsa daga 1951 har zuwa 1980. Dalilin yana cikin kwano: gishiri. Miyar miso ta waken soya, ganyen da aka tsuma a gishiri, kifin gishiri, safe da rana da dare, musamman a yankuna masu sanyi. Lardin Nagano yana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Likita Toshikazu Wakatsuki, wanda ya je asibitin Saku a 1945, ya ga manoma ba sa zuwa sai cuta ta ci ƙarfinsu, sai ya riƙa kwasar ma'aikatansa su shiga ƙauyuka, su duba mutane, su yi musu wasan kwaikwayo a kan lafiya. A 1959 suka fara duba lafiyar dukan mazauna ƙauyen Yachiho duk shekara. A faɗin lardin kuma matan unguwa 'yan sa-kai suka riƙa shiga gidajen maƙwabta suna auna gishirin miya, suna nuna yadda za a rage ba tare da abinci ya yi lami ba. Maƙwabciya ce ke gaya wa maƙwabciya, shi ya sa maganar ta shiga. A ƙididdigar 2010, Nagano ce ta zo ta ɗaya a tsawon rai, maza da mata. Wannan ɗabi'a ta awo tun kafin ciwo ta zama doka: tun 1972 wajibi ne mai kamfani ya sa a duba lafiyar ma'aikatansa duk shekara, tun 2008 kuma ana auna ƙugun 'yan shekara 40 zuwa 74, santimita 85 ga maza, 90 ga mata, wanda ya haura kuma aka ga wasu alamu a jininsa sai a kira shi a ba shi shawara.

Yanzu ga ɗaya gefen. Farashi in ya yi ƙasa kuma ba damar ƙarawa, hanyar da ta rage wa asibiti ita ce yawan aiki. Mutumin Japan yana ganin likita kusan sau 12 a shekara, kusan ninki biyu na abin da aka saba a ƙasashe masu arziki. Su da kansu suna da karin magana a kan haka: jiran awa uku, ganin likita minti uku. Ƙasar tana da gadajen asibiti fiye da 12 ga kowane mutum 1,000, tana kan gaba a duniya a yawan na'urorin hoton CT da MRI, amma likitocinta ba su kai uku ba ga kowane mutum 1,000. Gado ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Likitocin manyan asibitoci suna aiki har su galabaita. Sai a Afrilun 2024 aka sa iyaka ga aikinsu na bayan lokaci, awa 960 a shekara, kuma an bar ƙofar wasu su kai awa 1,860. A ganina wannan adadi na biyu ya nuna a wuyan wa ake ɗora arahar tsarin.

Annobar korona ta tona wannan rauni. Yawan waɗanda suka mutu a Japan bai kai na yawancin ƙasashen Turai da Amurka ba in aka kwatanta da yawan jama'a, amma a watan Agustan 2021 an samu masu cutar suna mutuwa a gida a Tokiyo saboda an rasa inda za a kwantar da su. Gadajen suna warwatse ne a ƙananan asibitoci masu zaman kansu da ba su da ma'aikata ko kayan jinyar mai tsanani, gwamnati kuma ba ta da ikon tilasta musu. Su kuwa hokenjo, an riga an rage su daga kusan 850 a farkon shekarun 1990 zuwa kusan 470, saboda an ɗauka zamanin cututtuka masu yaɗuwa ya wuce. Ma'aikatansu suka kwana suna bin diddigin masu cutar da waya da na'urar fakis. Daga darasin nan ne aka haɗe cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa da babbar cibiyar asibiti ta ƙasa suka zama hukuma ɗaya a Afrilun 2025.

Ta fannin bincike, Japan ta ba duniya abubuwa masu yawa, ɗaya daga ciki kuma ya iso har ƙauyukanmu. Satoshi Omura na Cibiyar Kitasato mutum ne mai yawo da 'yar leda yana ɗibar ƙasa duk inda ya je. Cikin ƙasar da ya ɗebo kusa da wani filin wasan golf a lardin Shizuoka a shekarun 1970 aka samu ƙwayar halittar da kamfanin Merck ya sarrafa ta zama ivermectin. Shi ne Mectizan da ake rabawa kyauta tun 1987, wanda masu rabon magani ke tsayar da mutum jikin sanda mai alamu su auna tsayinsa kafin su ƙirga masa ƙwayoyi, don maganin makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa da kuma tundurmi. Omura ya samu Nobel a 2015, a Janairun 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da wannan makanta. Tun kafin Omura, Hideyo Noguchi ya rasu a Accra a 1928 yana binciken cutar shawara, cibiyar bincike ta Jami'ar Ghana kuma sunansa take ɗauke da shi tun 1979. Akira Endo ne ya gano maganin rage kitsen jini na farko a jinsin statin. Shinya Yamanaka kuwa ya nuna a 2006 cewa ana iya mayar da ƙwayar fata baya ta zama irin wadda za ta iya rikiɗa zuwa kowane sashe na jiki.

Amma ƙasar da ke gano magani ba kullum take saurin amfani da shi ba. Saboda ana ta zaftare farashi, tun 2021 ma duk shekara ake duba na magunguna, wasu ƙananan kamfanonin waje ba sa ma neman izinin shigo da sababbin magungunansu. Masu cututtukan da ba su da yawa, da yara, su suka fi jin jiki. Wani abin takaicin shi ne na riga-kafin kansar bakin mahaifa. A watan Yunin 2013, bayan kafafen labarai sun yi ta nuna 'yan matan da aka ce allurar ta jikkata, gwamnati ta daina kiran mutane su zo a yi musu, ko da yake ba ta hana ba. Yawan masu karɓa ya faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da kashi ɗaya. Bincike bai tabbatar da cewa allurar ce sanadi ba, amma sai a Afrilun 2022 aka dawo da kiran, a ƙasar da wannan kansa ke kashe mata kusan 3,000 a shekara. Shirun hukuma na shekara tara ya fi kowace jita-jita ɓarna, domin iyaye sun ɗauke shi a matsayin amsa.

Nauyin da ya fi kowanne danne tsarin dai shi ne tsufa, wanda shi kansa tsarin ya taimaka aka samu. A 1963 masu shekara ɗari a Japan 153 ne, yau sun haura 90,000. Kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'a sun wuce 65. An taɓa gwada jinya kyauta ga 'yan 70 zuwa sama a 1973, sai asibitoci suka cika da tsofaffin da ba jinya suke buƙata ba, mai kula da su ne babu a gida. Aka janye a 1983. A 2000 aka kafa inshorar kula da tsofaffi daban. Duk wanda ya kai 40 yana zuba kuɗi. In tsoho ya fara gazawa, ma'aikacin ƙaramar hukuma zai zo gida ya duba ko yana iya tashi, wanka, cin abinci da zagayawa da kansa, a sa shi a ɗaya daga matakai bakwai. Daga nan wani jami'i zai tsara masa wanda zai zo yi masa wanka, ranakun da mota za ta ɗauke shi zuwa wurin yini, har da sa masa abin dafawa a bango. Wannan ya sauke wa matan gida, musamman matan 'ya'ya, wani kaya da al'ada ta ɗora musu su kaɗai. Duk da haka gidaje da yawa yau tsohuwa ce mai 80 ke jinyar mijinta mai 85, har sun ba abin suna, roro kaigo, tsoho na jinyar tsoho. Masu aikin kulawar sun yi ƙaranci saboda albashin bai taka kara ya karya ba, shi ya sa tun 2008 ake kawo ma'aikata daga Indonesiya, sannan Filifin da Biyetnam.

Kuɗin jinyar 'yan 75 zuwa sama kusan rabi daga haraji yake fitowa, kusan kashi 40 daga asusun masu aiki, tsofaffin kuma su biya kusan kashi 10. A 2025 duk waɗanda aka haifa a guguwar haihuwa ta 1947 zuwa 1949 suka cika 75. Su kuwa masu ɗaukar kayan raguwa suke: jariran Japanawa da aka haifa a 2024 ba su kai 700,000 ba, a ƙasar da ta taɓa haihuwar fiye da miliyan biyu da rabi a shekara. Kuɗin jinya na ƙasa ya haura yen tiriliyan 45. Gwamnati ta fara taɓa wuraren da a da ba a taɓawa. Daga Oktoban 2022 wasu tsofaffi masu ɗan abin hannu suka koma biyan kashi 20 maimakon 10, wanda kuma ya je babban asibiti ba tare da takardar likitan unguwa ba zai ƙara aƙalla yen 7,000. Da aka kai hannu kan iyakar biyan wata-wata kuwa, aka ce za a ɗaga ta daga Agustan 2025, ƙungiyoyin masu kansa da masu cututtuka masu wuyar magani suka tashi tsaye, suka kai kokensu majalisa, iyaye masu ƙananan yara suna cewa in an ɗaga sai dai su daina jinya su bar wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. A watan Maris na 2025 Firaministan lokacin, Shigeru Ishiba, ya dakatar da shirin, aka mayar da shi teburin tattaunawa, wannan karon da wakilan majiyyata a zaune.